Tsohon Gurbin Zuma

Filin da ke bayan gidana ba nawa ba ne. Rabon ƙanena ne. Ni gidan na samu, da 'yar gonar lemo da ke gefensa. Amma tun muna da baƙin gashi akwatunan zumata suke a filin, a gindin bishiyar da ke can ƙarshe, kuma bai taɓa cewa in kwashe ba.

Ranar da ya sayar da filin bai zo da kansa ba. Matarsa ya aiko ta gaya wa matata, matata ta gaya mini ina wanke hannu. Na ci gaba da wanke hannuna. Filinsa ne.

Akwatuna huɗu ne. Tsohuwa, wato matata, ita ta raɗa musu suna, ni ba na irin wannan wasan. Akwai Masifa, wadda ba a gittawa ta gabanta da turare a jiki. Akwai Raguwa, mai cika ciki ta bar mutum da saƙa fayau. Sai Tagwaye, biyu da suka fito daga uwa ɗaya, wato sarauniyar zuma. Masifa ce babba. Katako ya ruɓe na sake, uwa ta mutu wata ta gaje ta, amma gidan ɗaya ne tun kafin a haifi ɗana na fari.

Wanda bai san zuma ba gani yake ɗauka ne kawai a ajiye. Zuma ba akwatinta ta sani ba, wuri ta sani. Ta san bishiya, ta san inda rana ke faɗowa, ta san tsayin ƙofa daga ƙasa. In ka ɗauke akwati ka kai shi bayan ɗaki, masu fita kiwo za su fita da safe, su yiwo kaya, su koma tsohon gurbi. Akwatin na nan kusa, ba za su je ba. Hanya biyu ce. Ko ka kai su nesa, inda ba su san ko dutse ɗaya ba, su daɗe har su manta, sannan ka dawo da su inda kake so. Ko ka riƙa matsar da su taku ɗaya kowace yamma. Tsakanin nan babu komai sai asara.

Na fara neman ta nesa. Mijin 'yata yana da gona a bayan gari. Ya ce in kawo, amma maƙwabtansa feshi suke yi wa tumatir, ko fara ba ta kwana a wurin. Na je wurin mai motar kaya na bakin kasuwa duk da haka, ko za a samu wani wurin.

"Baba," ya ce, "na ɗauki gawa, na ɗauki bunsuru mai gudawa, na ɗauki surukata da kayanta. Amma zuma? In ta ɓalle a tsakiyar titi, ta ina zan fita?"

"Zan toshe ƙofofin."

"Ka toshe na motar wani."

Na dawo gida. Saura taku.

Ɗana tela ne, shagonsa na ƙofar gida, ɗakinsa da matarsa na ciki. Ya ce zai riƙa kama mini. Na ce a'a. Hannunsa ya saba da keken ɗinki, komai da gudu. Zuma ba ta son girgiza. Ni da Tsohuwa muka riƙa yi. In rana ta faɗi, sun gama shiga, sai in busa musu hayaƙi kaɗan, mu ɗaga akwati mu ajiye a ƙasa, in matsar da bulo biyun da yake kai, mu mayar. Haka har huɗu.

"Malam," ta ce, "da wannan tafiyar sai jikanmu ya yi gemu kafin mu isa."

"Ɗaga ɓangarenki."

"Na ɗaga. Naka ne ke ƙasa. Bayan ne?"

"Bayana lafiya lau."

"To wa ke nishi? Raguwa?"

Sannu ba ta hana zuwa. Akwatunan suka bar gindin bishiya, suka riƙa ratsa filin a jere kamar kunkuru huɗu. Maƙwabta na leƙowa ta katanga suna dariya. Wani ya ce in ɗaura musu igiya in ja su kamar tumaki. Ban ɗaga kai ba. Da safe zuma ta fito, ta ɗan yi shawagi inda ƙofar take jiya, ta gano ta matsa, ta shiga. Ko ɗaya ban rasa ba.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Daga filin zuwa gonar lemona hanya ɗaya ce: wani lungu tsakanin bangon gidana da katangar maƙwabci, wanda mutum biyu ba sa jerawa a ciki. Tagar ɗakin surukata, matar ɗana, a lungun take. A ɗakin akwai jariri, jikana, wanda ko wuyansa bai tsaya ba. Lokacin zafi ne. Taga ba ta rufuwa sai ɗaki ya zama tanda. Ragar da ke jikinta ta yage a kusurwa, na liƙe da tsumma. Na san akwatunan za su daɗe a ƙarƙashin tagar nan, taku taku. Na sani tun ranar farko. Na ce in mun isa ma gani.

Mun isa bakin lungun ke nan birkila ya zo. Gajere ne, da fensir a bayan kunne, da leburori biyu. Wanda ya sayi filin ne ya turo shi. Ya gaishe ni da ladabi, ya kafa turaku, ya ja igiya. Igiyar ta bi ta kan akwatunana daidai, har ta taɓa murfin Masifa.

"Baba, nan katanga za ta bi. Da ita mai wurin yake so a fara."

"Ku fara daga can ƙarshe."

"Daga can za mu fara. Amma haƙa ba ta da wuya, za mu iso."

"Kafin ku iso na wuce."

Ya dubi akwatunan, ya dubi lungun, ya dubi tagar. Ya sosa kai da fensir. Ya koma wajen turakunsa. Yana da hankali.

Washegari da hantsi ina zaune a kan kujerata kusa da akwatunan, surukata ta zagayo. Ba ta taɓa zuwa wurin ba. Ta durƙusa nesa kaɗan, jaririn a kafaɗa, hannunta ɗaya a dunƙule cikin gefen zane. Ta buɗe. Ƙudan zuma ne guda ɗaya, a murƙushe.

"Baba, a kumatunsa na same ta. Tana tafiya."

"Ta harbe shi?"

"A'a."

"Ba ta harbin wanda bai taɓa ta ba."

"Haka ne, Baba." Ta gyara jaririn a kafaɗa. "Shi ne bai san kada ya taɓa ba."

Da ta yi ihu da na samu abin faɗa. Ba ta yi ba. Ta ajiye ƙudan a kan dutse ta tashi.

Da yamma ɗana ya rufe shago da wuri ya same ni ina hura hayaƙi.

"Baba, ba za su shiga lungun nan su zauna ba."

"Wa ya ce?"

"Ni. Ka yi haƙuri. Gobe da sassafe in sa su a baro in wuce da su gonar lemo gaba ɗaya."

"Ka san abin da zai faru."

"Na sani. Ni ka fara koya wa, da ranƙwashi ma. Za su dawo. To faɗa mini wata hanyar in bi. Baya an sayar, gaba ɗana ne."

Na duba. Na duba da gaske, ba don in ƙure shi ba. Ta saman katanga ba a tafiya taku taku. Ta cikin gida kuwa tsakar gida ce da madafa da mata. Gaba kura, baya siyaki.

Na ajiye gwangwanin hayaƙi. Ban ce e ba. Na shiga na ɗauko tsumma, na jira suka gama shiga, na toshe ƙofofin huɗu da hannuna.

Da gari ya waye ya kwashe su. A hankali ya tura baron, ba zan yi masa ƙarya ba. Na bi shi a baya ina riƙe da murfi. Muka jera su a ƙarƙashin lemo, ƙofa tana duban gabas kamar da. Wurin ya fi tsohon kyau. Akwai inuwa, akwai famfo kusa.

Akwai dabara ɗaya da ta rage, ita ma rabin dabara ce. A bar su a rufe na 'yan kwanaki, a tara ganye a bakin ƙofa, don in sun fito su ga duniya ta sake, su tsaya su duba. Na yi. Amma zafi bai bar ni ba. Kafin azahar ta rana ta biyu Masifa ta fara ruri a ciki, katako ya yi ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Na jiƙa buhu na lulluɓa. Na kara kunne. Rurin ya ƙaru. Ruwan zuma ya fara ɗigowa ta ƙasan akwati, saƙa ce ke narkewa. In na bar su za su dahu. Na zare tsumman.

Suka fito kamar an kunna famfo. Ba su kalli ganyen ba.

Ban tashi daga wurin ba sai da Tsohuwa ta zo.

"Malam, zo ka gani."

"Na san abin da zan gani."

"Duk da haka zo."

Bakin lungun ya yi baƙi. Suna nan a iska, daidai inda ƙofofin suke, daidai tsayin. Wuri huɗu. Babu akwati, babu bulo, sai ƙasa da shatin inda bulo ya zauna. Suna zuwa da gudu, ƙafafunsu ɗauke da garin fure, su tsaya cak a iska, su juya, su koma sama, su sake dawowa. Waɗanda suka gaji suka sauka a kan igiyar birkila. Igiyar ta yi kauri, ta lanƙwasa.

Kuma tagar na nan, tsawon hannu biyu. Da akwatunan suna wurin, zuma shiga take ta fita, ba ruwanta da kowa. Yanzu ba ta da gida, ba ta da uwa, sai haushi. Suka riƙa bugun ragar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Surukata ta naɗe jaririn ta koma ɗakin Tsohuwa da ke can gaba. Ɗana ya buga kwali a tagar. Ba wanda ya ɗora mini laifi. Shi ma ba wanda ya ɗora masa.

Na ɗauko tsohon akwati wanda babu kowa a ciki, na sa guntun saƙa, na ajiye a gurbin. Kafin magariba suka taru a ciki, dunƙule guda, na Masifa da na Raguwa da na Tagwaye duk a cakuɗe. Na rufe, na ɗauka ni kaɗai, na ratsa lungun, na zazzage su a bakin akwatunan. Wasu suka shiga. Wasu masu gadin ƙofa suka kashe su, don ba 'yan gidan ba ne. Da safe waɗanda suka shiga suka fita kiwo, suka koma bakin lungu.

Na sake yi. Suka sake komawa. Kullum dunƙulen yana raguwa, kullum gawa tana ƙaruwa a ƙarƙashin lemo, tururuwa na ja.

"Malam, ruwa kake ɗiba da kwando."

"Ba kwandonki ba ne."

"Bayanka kuwa nawa ne, ni ke shafa masa mai."

Haƙar leburori ta iso. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai surutu, ya ce shi zuma ba ta harbinsa, jininsa ɗaci gare shi. Ya matso da diga. Ta same shi a fatar ido da leɓe. Kafin ya kai famfo fuskarsa ta zama kamar ƙwarya. Ɗan'uwansa ya yi dariya har ya zauna a cikin rami.

"Ai ɗacin ne ta zo ɗanɗanawa!"

Birkila bai yi dariya ba. Ya kai shi kyamis, ya dawo, ya tura su aikin can gefe. Ya yi mini haka kwana da kwanaki, ban roƙe shi ba. Ina ganinsa yana amsa waya yana juya mini baya, yana cewa to, to, ranka ya daɗe, to.

Ranar da tifa ta juye yashi ya zo ya tsuguna kusa da kujerata. Ya cire fensir daga kunne ya riƙa juya shi.

"Baba, gobe za mu haƙa nan. An kawo siminti. Yaran sun ce ba za su matso ba sai an kawar."

"Ana kawarwa."

"Kullum ina gani." Ya nuna wata jarka a gindin yashi. "Mai wurin ya aiko da fetur. Ya ce a zuba a ƙyasta ashana, minti ɗaya an gama."

Ni ban saba roƙo ba. Ban roƙi ƙanena ba, ban roƙi mai mota sau biyu ba.

"Ka ƙara mini kwanaki," na ce. "Masu kiwo ba sa daɗewa a duniya. Tsofaffi ne. In an bar su za su ƙare da kansu, ko su haƙura. Don Allah."

Ya sunkuyar da kai. Na ga kunya ta kama shi, kamar ya ga babba tsirara.

"Baba, ni ma aiko ni aka yi. In na ƙara, wani birkilan za a kawo. Shi ba zai gaishe ka ba ma."

Gaskiya ya faɗa. Na ce ya bar jarkarsa inda take.

Da rana ta yi sanyi na je gonar lemo na buɗe akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Uwayen na nan. 'Ya'ya na nan a cikin saƙa, baki buɗe. Masu kawo abinci ne babu. Masifa, wadda ba a buɗe ta sai da hayaƙi da riga biyu, na buɗe ta da hannu tsirara. Ko ɗaya ba ta taso mini ba.

Na koma bakin lungu. Sun taru a tsohon akwatin kamar kullum. Dunƙulen bai fi kan yaro ba yanzu. Na tsaya ina tunanin in sake ɗauka in zazzage. Da safe za su dawo, su tarar da diga da fetur.

Na leƙa cikin gida.

"Kawo mini babban baho da garin sabulu."

Tsohuwa ta fito tana goge hannu. "Wanki za ka yi da yamman nan?"

Ta dube ni, ta dubi lungun. Ta koma ta ɗauko. Ita ta tari ruwan a famfo, ita ta kaɗa har ya yi kumfa. Ɗana ya fito daga shago da tef a wuya.

"Baba, kawo in yi."

"Koma ɗinkinka."

Bai koma ba. Ya tsaya a bakin lungu.

Ruwan sabulu ba ya ƙona su. Jiƙa su yake, su kasa tashi, su kasa numfashi, nan da nan. Na ɗaga murfin a hankali kamar yadda nake ɗagawa in zan ɗebi zuma. Na riƙe shi a kan bahon. Na buga sau ɗaya. Dunƙulen ya faɗa gaba ɗaya. Aka yi ƙara kaɗan, kumfa ta motsa, ta daina. Guda ɗaya ta hau yatsana ta harbe ni. Na bar ƙarinta a cikin yatsan.

Na haƙa rami a gindin lemo na juye. Tsohuwa ta wanke bahon sau da yawa, ta kife a rana, ba ta sake wanki a cikinsa ba.

Da safe aka haƙa. Akwai 'yan kaɗan da suka kwana a waje, suka zo suna shawagi a kan leburori. Dogon ya riƙa kai musu duka da hula yana zagi. Kafin a ɗora bulo layi uku babu ko ɗaya. Surukata ta koma ɗakinta, aka cire kwalin. Ta aiko mini da ruwan sanyi a kofin da ake ba baƙi.

Na riƙa dama sukari ina sa musu a murfin gwangwani. Tagwaye ba su kai ba, tururuwa ta shiga ɗaya, tsutsa ta cinye ɗaya. Raguwa ta tashi wata rana da hantsi, uwa da 'ya'ya, ta bi ta saman katangar maƙwabci. Ban bi ta ba. Saura Masifa, ita ma sunan ne kawai. Da la'asar 'yan ƙananan da ba su taɓa fita ba sukan fito su yi ta kewaya bakin ƙofa, fuskarsu na duban akwati, suna koyon wurin. Su lemo suka sani. Ko za su kai damina, ban sani ba. Ba su da yawa.

Jiya da safe na ɗauki kujerata da gwangwanin sukari na fita. Ina tafe ina tunanin murfin da ya tsage. Sai na ji goshin kujerar ya bugi abu. Na ɗaga kai. Sabuwar katanga ce, simintin bai gama bushewa ba. Na ratsa lungun har ƙarshe ban sani ba.

Tagar a buɗe take. Tsohuwa na ciki tana yi wa jaririn wasa. Ta leƙo ta raga, ta gan ni tsaye da kujera a hannu, hancina kusa da bulo.

Na jira ta faɗa. Ta buɗe baki, ta rufe.

"Malam," ta ce, "sukarin na zuba."